Dokokin Ajin Nazarin Ƙwaƙwalwa: Alkawari Ne Mai Wuya Biyu

A makon farko na zangon karatun da ya gabata, 'yar ƙanwata da ke aji biyu a sashen ilimin halayyar ɗan Adam ta shigo mini da wasu takardu shafi huɗu, ranta a ɓace. Ta ce, "Kawu, don Allah dubi abin da malamin nan ya ɗora mana tun ba a je ko'ina ba." Takardun na wani kwas ne da a manhajar jami'a ake kira bayosaikoloji, wato nazarin yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da sinadaran jiki suke haifar da ɗabi'a da tunani. Malamin ya jera darussan mako 13 ɗaya bayan ɗaya, sannan ya biyo da sharuɗɗa. Wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lakca ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Za a yi ɗan gwaji na minti 10 kowane mako. Waya za ta kasance cikin jaka har a tashi. Jinga kuwa sai ɗalibi ya tsaya ya kare ta da bakinsa. Akwai kuma wani sashe a kan riƙe sirri, da wani a kan abin da malamin ya ɗaukar wa kansa.

Na karanta sau biyu, na ce mata ta gode wa Allah. Mu da muka yi karatu a hannun malaman da dokarsu take cikin kansu, take kuma sauyawa da yanayin da suka tashi, mun san darajar doka rubutacciya. Abin da ya fi burge ni shi ne, kusan kowane sharaɗi a takardar yana da hujja a cikin darasin da za a koyar. Wannan ne nake son masu karatu, musamman ɗalibai da malaman jami'a, mu duba tare.

Abin da ake koyarwa a ajin

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kimanin kashi 2 cikin 100 ke nan na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarin da jiki yake ƙonawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana aika saƙo da ɗan motsin lantarki, idan ya isa mahaɗarta da wata ƙwayar sai sinadari ya tsallakar da shi. Otto Loewi ne ya nuna wannan aiki na sinadari a 1921 da zukatan kwaɗi biyu: ya tsokani jijiyar da ke rage bugun ta farko, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma bugunta ya ragu.

Ɗalibi zai ji labarin Phineas Gage, shugaban leburorin jirgin ƙasa a jihar Bamont ta Amurka, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, ya ƙara kusan shekara 12 a duniya, sai dai likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya har abokansa suka kasa gane shi. Zai ji yadda Paul Broca a birnin Faris, a 1861, ya binciki ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da ya rasa magana alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa, ya sami lahanin a gaban ɓangaren hagu. Daga nan sai a shiga gani da ji, barci da mafarki, yunwa da tsoro, koyo da mantuwa, da yadda ƙwayoyi masu bugarwa suke kama mutum.

Wahalar kwas ɗin a bayyane take. Da yawa daga ɗaliban wannan sashe ta ƙofar ilimin zamantakewa suka shigo, rabonsu da ilimin halittu da na sinadarai tun sakandare. Sunayen sassan ƙwaƙwalwa kuma daga Latin da Girkanci suke. Uwa uba, darussan a kan juna aka gina su. Wanda bai gane yadda saƙo yake tsallaka mahaɗa a mako na uku ba, idan aka zo bayanin maye a mako na goma zai zama ɗan kallo. Saboda haka malamin kirki yakan faɗa tun ranar farko abin da yake tsammanin ɗalibi ya zo da shi, ya kuma ware mako ɗaya ko biyu na tuni ga waɗanda suka manta.

Halartar aji da gwajin mako-mako

Sharaɗin kashi 75 ba ƙirƙirar malamin ba ce, yana cikin dokokin yawancin jami'o'inmu, kamar yadda ake ware maki 30 ko 40 na auna fahimta, ragowar a bar wa jarrabawar ƙarshe. Abin da ya saba faruwa shi ne, a bar makin auna fahimtar nan duka a kan gwaji guda da za a yi ana saura mako biyu a rufe zango. Shi wannan malamin ya rarraba shi mako-mako, kuma a nan ne 'yar ƙanwata ta fi kuka.

Hujjarsa ta girme mu duka. A 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna abin da ya rage masa. Ya gano cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a sa'o'in farko da yinin farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ƙara wani tubali. Sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka sake karantawa, wasu aka sa su rufe takarda su kawo abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu sake karatun ne a gaba, amma bayan mako ɗaya waɗanda aka gwada sun fi su riƙewa. Ma'ana, ƙoƙarin jawo abu daga ka shi kansa koyo ne.

Bahaushe bai kamata ya ji wannan a matsayin baƙon abu ba. Almajiri a tsangaya ba ya wanke allo sai ya bayar da hadda, kuma gardi bai bar tilawa ba don ya sauke. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya tsara wa ɗalibi ya fi yawaita maimaita darasin jiya, ya rage na shekaranjiya, ya ƙara rage na gabansa, har a kai sau ɗaya. Abin mamaki, yaron da ya tashi da wannan tarbiyya idan ya shiga jami'a sai ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya jira jarrabawa ta matso ya ce zai haɗiye zango guda cikin dare uku. Gwajin mako-mako tilawa ce aka mayar masa da ita cikin rigar boko.

Kwanan karatu da abin da yake ci

Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya san al'adar raba dare a aji har asuba, da goro da gahawa da lemon ƙara kuzari. Takardar malamin ta taɓo wannan da layi biyu, inda ya ce ba zai sa gwaji biyu a jere ba, kuma yana roƙon kowa ya yi barci a daren jarrabawa. Ɗaliban sun yi dariya, amma a mako na tara za su karanta dalilin.

A 1953 aka yi wa wani matashi ɗan shekara 27, Henry Molaison, tiyata a Amurka saboda farfaɗiyar da ta addabe shi. An cire masa wani sashe daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, har da mafi yawan gaɓar da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon abin da ya faru da shi ba. Brenda Milner, wadda ta daɗe tana nazarinsa, ta ga yana iya koyon aikin hannu ya ƙware, alhali bai tuna ya taɓa gwadawa ba. Daga nan aka gane cewa wannan gaɓa ce take karɓar sabon abu kafin ya zauna. Sai kuma a 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin wannan gaɓa da suka yi aiki tare lokacin da ɓera yake zagaya wuri, sukan sake yin aiki tare idan ya yi barci, kamar ƙwaƙwalwa tana yin bitar abin da ta gani. Tun a 1924 ma John Jenkins da Karl Dallenbach sun ga ɗalibansu biyu sun fi tuna abin da suka haddace idan sun yi barci a kai, fiye da idan sun yini a farke.

Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da gahawa ba ya biyan bashin barci. Abin da yake yi shi ne toshe wurin da wani sinadarin gajiya yake sauka, sai mutum ya daina jin nauyin ido alhali gajiyar tana nan. Mafi muni shi ne masu haɗawa da tiramadol, maganin da idan ya yi yawa yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ban da kamun da yake yi. Ɗalibin da ya ci jarrabawar nazarin ƙwaƙwalwa ta hanyar zaluntar tasa ƙwaƙwalwar, ya sami maki ya bar darasin a baya. Wata uku bayan nan ka tambaye shi, sai ka ji wayam.

Waya, satar amsa da ƙirƙirarriyar basira

Dokar ajiye waya ita ma daga darasin ta fito. Hankali ba ya rabuwa biyu a kan ayyuka biyu masu buƙatar tunani, tsalle yake yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle da asararsa. Sai dai a nan ina da gyara. A ajin da babu littafi ko ɗaya a hannun ɗalibai, wayar ce ɗakin karatunsu, ita ce kuma za ta nuna musu hoton ƙwaƙwalwa ta kowace fuska. Gara malami ya ware lokacin da za a fito da ita don aiki da lokacin da za a mayar, da ya yi haramcin da shi kansa ya san ba zai ɗore ba.

Satar amsa tsohuwar cuta ce, amma yanzu ta sami sabon kaya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta jinga cikin daƙiƙoƙi, da Turanci mai santsi, wani lokaci da sunayen binciken da ba a taɓa yi ba. Malamin bai tsaya wa'azi ba. Ya ce wanda ya yi amfani da su ya bayyana a ƙarshen aikinsa, kuma kowa zai tsaya minti 3 ya amsa tambaya a kan abin da ya miƙa. Wannan ya fi adalci a kan zargin da ba shi da shaida, domin mai aikin kansa ba ya tsoron tambaya, wanda aka rubuta wa kuma jumla biyu ta isa ta tona shi.

Amanar da ke cikin wannan ilimi

Sashen da na fi so a takardar shi ne wanda 'yar ƙanwata ta tsallake. A ajin da ake maganar baƙin ciki mai tsanani da maye da taɓin hankali, dole wani ya ce, "Yayana ma haka yake." Dokar ta ce abin da aka faɗa a aji a nan zai tsaya, kuma ba a tilasta wa kowa ya ba da labarin gidansu don neman maki. Ta kuma ce wanda ya yi zango ɗaya bai zama likita ba, don haka kada ya koma unguwa yana laƙaba wa mutane sunayen cututtuka ko yana ba da shawarar magani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ko manyan fannin sun taɓa yin kuskuren da ya ci rayuka: a 1949 aka ba Egas Moniz na ƙasar Fotugal kyautar Nobel saboda tiyatar yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, aka yi wa dubban majiyyata, daga baya duniya ta yi watsi da ita saboda nakasar da ta bari.

Haka nan duk ɗalibin da zai yi wa mutane tambayoyi ko gwaji, sai ya nemi yardarsu bayan ya yi musu bayani da harshen da suke ji. Mutanen Kano ba sa buƙatar a je da su nesa don gane muhimmancin wannan. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya haifar da doguwar shari'a, da taƙaddama a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Raunin da abin ya yi wa amincewar jama'a da ma'aikatan lafiya ya daɗe bai warke ba. Dabbobi ma suna da haƙƙi. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idar a nemi madadin dabba inda zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu azaba. Sashen da ba shi da kayan aiki zai iya koyar da sassan ƙwaƙwalwa da ta rago daga mayanka, da safar hannu da reza mai tsabta, ba tare da an kashe komai don darasin ba.

Akwai kuma batun da malamai da yawa suke kauce wa. Ɗalibi ya taso yana jin cewa farfaɗiya bugun iska ce, kuma yawun mai ita yana yaɗa ta. A aji za a ce masa rikicewar lantarkin ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 suke fama da ita, har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun sami magani daidai. Malamin da ya yi wa imanin ɗalibai ba'a ya rufe kunnuwansu, wanda kuma ya ji tsoro ya ɓoye hujja ya ci amanarsu. Dokar da ta dace ita ce a bar kowa ya yi tambaya ba tare da an wulaƙanta shi ba, jarrabawa kuma ta tambayi abin da bincike ya tabbatar. Addu'a ba ta hana a kai mara lafiya asibiti. Idan ɗalibi ya fita daga kwas ɗin ya san cewa ba a tura wa mai faɗuwa cokali a baki, a kawar masa da abin da zai ji masa ciwo a juya shi gefe, to wani zai rayu saboda shi.

Wuyan malami

Doka takan zama zalunci idan ɓangare ɗaya kawai ta ɗaure. Shafi na huɗu shi ne inda malamin ya ɗaure kansa. Ya yi alkawarin mayar da takardun gwaji cikin mako ɗaya, ya sa ranar da za a same shi a ofis da ƙofa a buɗe, ya bayyana yadda ake rabon maki da hanyar da wanda bai gamsu ba zai bi ya ƙalubalanta. Ya ce ba ya sayar da takardun lakca, kuma sayen littafinsa ba ya ƙara maki. Ya tanadi ramuwar gwaji ga wanda ya yi rashin lafiya ko aka yi masa rasuwa ko wadda ta haihu, ya kuma ce za a jefar da gwaji biyu mafi ƙarancin maki ga kowa. Ya nemi mai larurar gani ko ji ya same shi a makon farko, abin da ya yi daidai da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. Mutum ɗaya da ɗalibai ɗari uku ba zai duba gwaji kowane mako ba tare da mataimaki ba. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma bayan kowanne akan matse zango har mako 13 ya koma bakwai ko takwas. A irin wannan hali jami'a da kanta take tilasta kwanan karatun da darasin ya hana. Amma ba a rasa dabara ba. Tambaya biyar masu zaɓin amsa, ɗalibai su yi musayar takarda su duba wa juna a gaban malami, ba ta cin minti 15. Idan zango ya gajarce kuma, rage darussa a koyar da su da kyau ya fi a zuba su duka a guje. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Ga wuri nan da za a sa farfaɗiya da shan ƙwaya da sanƙarau da cutar barci, maimakon misalan da aka kwaso daga wata nahiya kaɗai.

Ƙasar nan ta sauya tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, amma doka ba ta aiki sai da mutanen da suka san abin da suke yi. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su zauna a asibitoci da makarantu da gidajen gyaran hali da cibiyoyin masu fama da maye. Roƙona ga shugabannin sassa shi ne su wajabta wa kowane malami ya raba irin wannan takarda a makon farko, a ajiye kwafi a ofishin sashe, wakilin aji ya riƙe ɗaya, ta yadda duk wanda ya saɓa, malami ne ko ɗalibi, akwai abin da za a buɗe a gabansa.

'Yar ƙanwata ta faɗi gwajin farko da na biyu, ta kira ni tana cewa ai ta faɗa mini. Na tuna mata cewa biyun nan ne za a jefar. Da ta dawo hutu, ƙanenta ya ce zai kwana karatu saboda jarrabawar gobe, sai na ji ta daga tsakar gida tana ba shi labarin ɓerayen da suke bita cikin barci, ta ƙwace fitilar ta ce ya je ya kwanta. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya kuma ba malamansu ikon riƙe amana.